Inna Tana Hawa na Uku

Ranar da dillali ya kai su ganin gidan, kowa da abin da ya ɗauke masa hankali. Yaya, babbansu, direban tirela ne, don haka filin ajiye mota ya tsaya aunawa da taku. Malama, mai bi masa, ta shige kicin tana buɗe durowa tana rufewa kamar ta yi ajiya a ciki. Injiniya, wanda iyakar injiniyancinsa gyaran waya ne a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, sai kunna fitilu yake yana kashewa. Auta, ƙaramarsu, ita kaɗai ta tsaya a gindin bene. Ta ɗaga kai ta bi matakalar da ido har inda ta karya kwana ta ɓace, sai ta tuna gwiwar mahaifiyarsu.

Gida ne hawa uku, irin wanda ɗayansu shi kaɗai ko tayawa bai isa ya yi ba. Dabarar ta Malama ce. Ta ce su huɗu kowa na zuba wa wani ƙato kuɗin haya duk wata, ga Inna can ita kaɗai a ɗan gidan da Baba ya mutu ya bari, wannan wace irin asara ce? A sayar da na Inna a ba da kafin alƙalami, a haɗa samun mutum huɗu a kai wa banki, a ci bashi a sayi gida guda, kowa ya kwaso iyalinsa ya shigo. Magana ta yi ma'ana, wallahi ta yi. Banki ya juya takardunsu ya sake juyawa, ya ga dai huɗu sun fi ɗaya, ya amince. Shekarun biyan kuwa ba wanda ya so ya faɗe su da ƙarfi, don in aka lissafa, Yaya da sanda zai je biyan na ƙarshe.

Daga rabon ɗakuna abin ya lalace, kuma ba rigima aka yi ba. Da rigimar aka yi da ya fi sauƙi, ladabi aka yi.

A ƙasa akwai falo da kicin, sai ɗaki ɗaya mai banɗakinsa, ƙofarsa na kallon get. Hawa na biyu ɗakuna ne na masu iyali. Can ƙololuwa kuma, bayan wasu ƙananan ɗakuna, akwai wani makeken ɗaki mai baranda, wanda dillali ya ce shi ne na maigida. Auta ta ɗauka ba sai an faɗa ba, na ƙasan nan na Inna ne. Sai Yaya ya gyara zama a kan bokitin fentin da ya kifa, ya yi gyaran murya.

"Ni in kwanta a sama, Inna tana ƙarƙashina? In tashi da safe in riƙa taka saman kanta da ƙafata? Allah ya tsare ni. Ai gara in kwana a mota."

To, sai ka san gidansu. Baba bai taɓa barin ɗansa ya hau kujera Inna tana zaune a ƙasa ba, kuma ko magana za ka yi mata sai ka durƙusa, ba ka tsaya mata a ka. Da wannan suka tashi, ya shiga jininsu. Malama har da share ƙwalla. Ta ce kuɗin gidan Inna ne ya buɗe musu wannan ƙofa, ɗakin da ya fi kowanne shi ya kamace ta, ta sha iska a baranda, duk wanda ya zo ya san uwa ce a sama da kowa. Injiniya ya ce shi ke nan, magana ta ƙare.

"Gwiwarta fa?" in ji Auta.

"Ke Auta, manya na magana," in ji Yaya.

Shekarunta arba'in da 'yan kai, ta yi aure, ta binne miji, ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma a bakinsu har gobe ita ce yarinyar da ake aika sayen ashana. Ta juya wurin Inna ko za ta ce wani abu. Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, kunya da daɗi sun haɗe mata, ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne. Allah ya yi muku albarka." Wace uwa ce za a miƙa mata ɗakin maigida a gaban surukai ta ce ita na bakin ƙofa take so?

Ranar tarewa Inna da ƙafarta ta hau. Tana hawa tana hutawa, tana haki tana dariya, jikoki na tafa mata daga sama. Da ta isa baranda ta leƙa ƙasa ta ce, "Ikon Allah, mutane sun koma tururuwa!" Aka yi ta shewa, Yaya ya ɗauke ta hoto. Auta tana bayanta riƙe da jakar magunguna, ita ba ta ga abin dariya ba.

A tsohon gida, taku kaɗan ne tsakanin gadon Inna da titi. Tana da ɗan teburi a bakin ƙofa, sabulu da gishiri da zaren ɗinki, ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma wuni ake ana tsayawa wurinta. Wannan ta zo aron wuƙa, wancan ya zo kawo ƙarar matarsa, waccan ta zo ba don komai ba sai don ta zauna. Kullum sai Inna ta taka zuwa kasuwa ta dawo, tana zagin gwiwar tana tafiya da ita. A sabuwar unguwa kuwa kowane gida katanga ce da get. Ba ka ganin mutum, sai dai mota ta fito mota ta shige.

Da farko Inna tana saukowa sau ɗaya a rana, ta zauna a falo, ta koma. Ba a rufa shekara ba banki ya ƙara abin da ake biya duk wata, kamfanin su Yaya kuma ya rage masa lodi. Aka zauna aka duba, aka ga ramin da ba mai cike shi, sai aka sa ɗakin ƙasa haya. Wata nas ta kama, ta biya na shekara a dunƙule, kuɗin ko kwana bai yi a gidan ba ya wuce banki. Daga nan kowa ya bazama neman ƙari. Malama in an tashi makaranta sai ta wuce koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu. Matar Yaya ta koma ɗinki a shagon wata, matar Injiniya ta samu aiki a wurin gyaran gashi, yara aka mayar da su makarantar da ba a tashi sai yamma, don ba mai tsaronsu. Gidan da aka saya don a taru, da hantsi ya yi sai ka ji shi tsit, firji ne kawai ke gurnani a kicin. Mutum ɗaya ce ke wuni a cikinsa, tana can sama.

Auta a wani babban kanti take aiki, a kan na'urar karɓar kuɗi. Aikin safe take yi, daga buɗewa zuwa azahar, a tsaye. Kaya su zo a kan bel mai turo su gabanta, ta ɗaga ta nuna wa na'ura, na'ura ta yi ƙara, ta ce an gode, na gaba. Tana tashi ba ta tsayawa hira da kowa. Ta yi canjin mota ta iso gida, ta haye sama da jakarta a kafaɗa.

"Tashi, 'yar tsohuwa, lokacin makaranta ya yi."

"Ga azzaluma ta dawo," Inna za ta ce tana miƙo hannu. "Ni da na haife ki ban wahalar da ke haka ba."

"Wa ya sani? Ba ni da wayo lokacin, kuma shaidun duk naki ne."

Sai Auta ta sa kafaɗa a hammatarta ta ɗaga ta. Su bi baranda, su bi dogon lungun da ke tsakanin ɗakuna, su je su dawo. In gwiwar ta tashi da mutunci su sauka hawa ɗaya, in ta tashi da tsiya su tsaya a bakin matakala, Inna ta harare ta ta ce, "Gobe." Bayan nan Auta ta shafa mata man zafi, su sha shayi, Inna ta tambaye ta wa da wa suka zo kanti yau, me suka saya, mai cikin nan ta haihu kuwa, tsohon nan mai rowa ya sake mayar da sukari? Mutanen da ba ta taɓa gani ba duk ta san su sarai. Wannan 'yar tafiyar ta azahar ita ke riƙe da ƙafar Inna. Auta ta sani, Inna ma ta sani.

Wata rana Auta ta buɗe ƙofar falo ta ji ana kiranta ƙasa-ƙasa daga bene. Ta watsar da jaka ta haura. Ta samu Inna zaune a kwanar matakala tsakanin hawa na uku da na biyu, ta rungume ƙarfen, ɗankwali ya zame, zanenta a jiƙe. Ashe tsohuwar maƙwabciyarta ce ta zo, wadda suka tsufa tare katanga ɗaya, ta biya kuɗin mota tun daga tsohuwar unguwa. Ta yi ta buga get. Inna ta hango ta daga baranda, ta yi kira har muryarta ta dishe, amma matar kunnenta ya yi nauyi, kuma wa zai ce mata ta ɗaga kai sama haka? Nas tana wurin aiki. Sai Inna ta kama matakala ita kaɗai. Ta yi rabin hawa gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, ba gaba ba baya. Tana nan zaune tana jin bugun get har aka gaji aka daina. Tun hantsi ke nan.

"Kada ki gaya wa yayyenki," in ji Inna, tana jan zane tana rufe inda ya jiƙe. "Ki wanke wurin kafin surukaina su dawo."

Auta ta wanke wurin, hawaye na ɗiga cikin bokiti. Amma shirun ne ba za ta iya ba. Ranar da Yaya ya dawo daga tafiya ta tara su a falo, ita da ba ta taɓa tara kowa ba. Ba ta durƙusa ba, ba ta sassauta murya ba, ta faɗa musu yadda ta samu Inna, sai dai maganar zane ce ta rufa mata asiri.

"Kun ɗauki uwarku kun ɗora a sama kamar kayan da ba a so yara su taɓa, kun ce girmamawa ce. A sauko da ita. Ɗakin nas nake so."

"Auta, ki iya bakinki," in ji Malama.

"Na iya shi tun ina yarinya, Yaya Malama, me ya tsinana?"

Yaya ya shafa fuskarsa da tafin hannu. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Labarin matakalar ya dake shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce shi har ga Allah bai ga yadda zai runtsa a saman Inna ba, amma in ta kama, zai sauko da katifarsa falo. Sai Malama ta kawo abin da ya fi wannan nauyi. Nas ta biya shekara, an cinye kuɗinta, in za a tashe ta sai an mayar mata da saura. Bayan ta tashi kuma, wa zai riƙa cike gurbin hayarta duk wata? Banki ba ya jin Inna ba ta da lafiya. In aka yi fashin biya gidan gaba ɗaya za su ɗauke, a rasa sama a rasa ƙasa, ga na Baba an riga an rushe an yi shaguna. Injiniya ya zazzage aljihunsa a kan tebur don kowa ya gani, 'yan kusoshi da wani mataccen batir suka zubo. Ba wanda ya yi dariya.

"Ni zan biya," in ji Auta.

"Da me?" in ji Malama.

"Da ƙafata. Ai ita nake sayarwa dama."

Manajan kantin ya yi murna, ya daɗe yana neman mai aikin yamma. Auta ta koma daga buɗewa sai rufewa, ranar hutunta ma ta ba da ita ga jera kaya a sito. Tafiyar azahar aka raba wa mutanen gida. Matar Injiniya ta ce za ta riƙa leƙowa in shago ya yi sauƙi, Malama ta ce za ta biyo kafin ta wuce darasin yamma, manyan jikoki aka ce in sun dawo su kama hannun kakarsu. Kowa da zuciya ɗaya ya yi alkawarin, ba ƙarya suka yi ba a lokacin. Makon farko an yi. Na biyu aka yi rabi. Daga nan wannan ta ɗauka waccan ta yi, waccan ta ɗauka yara sun yi, yara kuwa su shigo su gaishe ta daga bakin ƙofa su ruga.

Aikin yamma ba irin na safe ba ne. Layi har bayan firjin madara, mutane sun taso daga aiki a gajiye kowa na neman wanda zai sauke wa, katin bankin wannan ya ƙi, ɗan waccan ya fasa kwalba, Manaja na tsaye a baya yana cewa a yi murmushi. Murmushin uwar wa? Ƙafafunta suka kumbura har sai da ta tsaga bayan takalminta da reza. Da azahar jikinta ke gaya mata lokaci ya yi, kafaɗarta ta dama ta riƙa yi mata wani iri, daidai inda hammatar Inna ke zama. Ta ci burodinta a tsaye tsakanin katan-katan a bayan sito, ta kurkure baki ta koma.

In ta dawo gida Inna ta riga ta kwanta, kular abinci a gefen gado.

"An zagaya da ke yau?"

"An zagaya."

"Wa?"

"Ke dai je ki kwanta. Kin ga idonki kuwa?"

Sau ɗaya ta tare matar Injiniya a kicin da safe ta tambaye ta. Matar ta ajiye cokali ta ce, "Anti, ni ma fa a ƙarƙashin wata nake. Jiya na je wurin Inna, ta ce in bar ta barci take ji. In ja ta da ƙarfi?" Auta ta buɗe baki, ta tuna motar farko za ta wuce ta, ta rufe ta fita.

Ta ga alamu, ba wai ba ta gani ba. Ta ga an shigo da fo na fitsari an tura ƙarƙashin gado. Ta ga takalmin Inna a inda yake jiya da shekaranjiya, har ƙura ta hau shi. Ta ga gorar ruwa ba ta raguwa. Amma gajiya ta iya rufe wa mutum ido, kuma duk lokacin da zuciyarta ta ce tsaya ki duba, sai ta ce saura kaɗan, bari dai in samu ɗakin. Ɗakin ya zame mata komai. A cikin mota shi take shiryawa a kanta: gado ta nan, kujera a bakin ƙofa, a bar get a buɗe da rana, a sa mata ɗan teburi ko ba za a saya ba. Ko mai wucewa ɗaya ya tsaya ya ce sannu, Inna za ta samu na wuni.

Watanni suka ja kafin Auta ta haɗa kuɗin nas. Nas ba ta yi gardama ba, ta karɓa, ta ce Allah ya ba Inna lafiya, ta kwashe kayanta. Auta ta sayo fenti mai ruwan ƙwai ta shafa da hannunta, ta sayo katifa sabuwa a leda. Injiniya ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ya ja shi da ƙarfinsa ya ce ko Yaya ne ya rataya ba zai cire ba. Malama ta kawo labule. Ranar kowa fuskarsa a sake, kamar waɗanda aka yafe wa laifi.

Auta ta roƙi Manaja hutun yini ɗaya, ya ba ta yana ƙunƙuni. Da azahar ta hau sama. Rabon da ta ga ɗakin Inna da hasken rana har ta manta, kuma hasken bai rufa wa kowa asiri ba. Ɗakin na warin man zafi da fitsari da rufaffiyar taga. Inna ta zama 'yar mitsitsiya a tsakiyar makeken gadon.

"Tashi, 'yar tsohuwa. Yau sauka za mu yi gaba ɗaya, ɗakinki ya haɗu."

Inna ta yi murmushi, amma ba ta miƙo hannu ba. Auta ta yaye bargon. Ƙafafun sun tsotse sun koma sanduna, gwiwoyin sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, fatar dunduniya ta yi baƙi ta sale. Duk da haka ta sa kafaɗa ta ɗaga. Ba nauyi ko kaɗan, wannan ya fi komai tsorata ta. Ta tsayar da ita, ƙafafun suka taɓa ƙasa suka naɗe kamar tsumma. Ta sake, ta kuma sakewa, tana cewa dafa ni, taka, taka mana, har Inna ta yi wata 'yar ƙara ta ce, "Don Allah, Auta."

Ta mayar da ita gado. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Tun yaushe, Inna?"

"An daɗe."

"Kika ce mini ana zagayawa da ke!"

"To me zan ce? Kowa ya shigo a guje yake, ya ajiye kula yana duba agogo. In ce tsaya ka ɗaga ni? Surukata zan ce ta rungume ni? Ke kuma ki dawo kina tangaɗi in ƙara miki kaya?" Inna ta lashi leɓenta da ya bushe. "Ruwan ma rage sha na yi, don kada in dami mutane da fo."

Auta ta kifa kai a bakin katifa ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar mijinta. Haushin kowa take ji, na Yaya da ladabinsa, na Malama da dabararta, na banki, amma nata ya fi ci mata rai, don ita ta ga takalmin. Da ta gaji ta share fuska da bakin ɗankwali ta miƙe.

"Ba komai. Yaya yana ƙasa, shi da Injiniya za su ɗauke ki a kujera. Zan nemo keken marasa lafiya, a riƙa tura ki bakin ƙofa kina ganin mutane."

"In na sauka, wa zai riƙa biyan ɗakin?"

"Ni."

"Da aikin yamman?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Wato in sauka in kwanta a can yadda nake kwance a nan, ke kina kanti. Wa zai tura keken? Wa zai buɗe get ɗin?" Inna ta kamo hannunta, yatsunta sanyi ƙalau. "Lokacin da nake da ƙafa, ƙofa nake so. Yanzu ƙofa me za ta yi mini? Ki bar musu ɗakin su sa haya. Ki dawo mini da azahar."

"Inna, kin san watannin da na yi ina..."

"Na sani. Ina jin takunki a bene, kullum yana ƙara nauyi. Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki mai yi miki. Amma ni ke nake so, ba ɗaki ba. Kwana nawa ya rage mini da zan ƙarar da su ina jiran a rufe kanti?"

Auta ta juya maganar ta kowace fuska tana neman ƙofa, ba ta samu ba. In ta riƙe ɗakin, azahar ta tafi. In ta dawo da azahar, ɗakin ya tafi. Ba wanda zai ɗauke mata ko rabi, kowa a gidan nan ya riga ya sayar da duk lokacin da yake da shi. Watannin da ta ba kanti don ta sami ɗakin su ne suka cinye ƙafar da za ta taka ta shiga. Ga Inna na kallonta tana jiran amsa.

"To, Inna," ta ce.

Ta buɗe tagogi. Ta fitar da fo ta wanke, ta canja zanen gado tana mirgina Inna a hankali, ta tallafo kanta ta ba ta ruwa ta tsaya sai da ta shanye. Inna ta tambaye ta mai cikin nan ta haihu kuwa. Auta ta ce ta haihu tuntuni, namiji, har ya fara zama. Inna ta ce kai, lokaci ba wuya, ta lumshe ido.

Da Auta ta sauko ta tarar da Yaya a ƙofar sabon ɗakin, ya naɗe hannun riga. Ya ɗauko farar kujerar roba ya ɗaure mata tawul don kada ta ci wa Inna baya, katifarsa kuma tuni ya sauko da ita ya jingine a bangon falo. Injiniya na gefe yana murza hannu.

"Mun shirya," in ji Yaya. "Mu hau?"

"Mayar da kujerar, Yaya. Ƙafarta ta tafi, kuma ta ce ba za ta sauko ba. Ku nemi mai kama ɗakin. Gobe zan gaya wa Manaja na bar aikin yamma."

"Haba, Auta! Ke ce fa kika tayar da gidan nan a kan ɗakin nan. Kin kashe kanki, kin biya, ga shi an gama. In ba yau ba, to sai yaushe za mu sauko da ita?"

Auta ta dubi ɗakin ta bayan kafaɗarsa, katifar ko ledarta ba a cire ba, warin fenti na fitowa.

"Za ku sauko da ita, kai da Injiniya, kada ka damu," ta ce. "Amma ranar ba ɗaki za ku kai ta ba."

Yaya ya zauna a kan kujerar ya dafe kai. Auta ta raɓa shi ta shiga kicin, ta ɗora ruwan zafin da za ta gasa wa Inna dunduniya.